Raɗa wa na'ura suna kafin ta shiga layi

Yawanci na'urar da ta shiga layin sadarwa takan nemi adireshi a wurin rauta ta hanyar DHCP, kuma galibi a nan take gabatar da sunanta. Idan ba ka raɗa mata suna ba, da na kamfani za ta shiga.

Dubi ƙaramar kwamfutar Raspberry Pi. Kowacce raspberrypi ake kiranta a tsarin aikinta na asali. Jona uku a ɗakin kwamfuta na makaranta, sai ka ga ɗaya ta zama raspberrypi-2, wata raspberrypi-3, ka rasa wadda ke kan teburin malam. Shi ya sa manhajar Raspberry Pi Imager take ba ka damar rubuta suna tun lokacin ɗora tsarin a katin ajiya. Ni dai a nan nake gama komai.

Ƙa'idar raɗa sunan, wadda aka gyara a 1989, ta yarda da haruffan a zuwa z, lambobi da karan ɗori, kada su wuce 63. Ba tazara, ba ƙ, ɗ ko ɓ, don haka ɗaki2 sai dai daki2. Idan akwai Windows a layin, tsaya a haruffa 15.