Muƙaddashin Lissafi: Sabuwar Dabarar Hango Durƙushewar Babban Layin Lantarki

ABUJA: A watan Oktoba na 2024 yawancin jihohin Arewa sun shafe fiye da mako guda cikin duhu. Tun da farko maɓarnata sun lalata layin da ke ɗauko wuta daga Shiroro zuwa Kaduna, sai nauyin ya koma kan layin Ugwuaji zuwa Apir da ya ratso ta jihar Binuwai. Da shi ma ya faɗi, masana'antun Sharaɗa da Bompai a Kano suka koma ƙona man dizal, masu walda da masu ƙanƙara kuwa suka rufe shaguna.

Wannan al'amari misali ne na tambayar da injiniyoyin kula da babban layi ke yi kullum: idan layi kaza ya yanke, ina wutar za ta bi, kuma sauran layukan za su iya ɗauka? Amsar takan fito ne daga gwajin da ake yi a kwamfuta, inda ake kwaikwayon dukkan tashoshi da taransifomomi da layukan 330kV da 132kV, a cire ɗaya a ga abin da zai faru. Matsalar ita ce yawan gwajin. A misali, tsarin da ke da layuka 200 yana buƙatar gwaji 200 idan ɗaya-ɗaya za a cire, amma idan bibbiyu ne adadin zai kai 19,900. Kowane gwaji lissafi ne mai nauyi da ake maimaitawa har sai ya daidaita, alhali durƙushewar layi ba ta wuce 'yan sakanni.

A nan ne dabarar muƙaddashin lissafi ta shigo. Akan bar babbar manhaja ta yi dubban gwaje-gwaje a tsanake, sannan a koyar da wata ƙarama da sakamakon, har ta iya kintatar amsa ba tare da bin doguwar hanya ba. Tamkar gogaggen dillalin hatsi ne a kasuwar Dawanau, wanda yawan awo ya sa yana ɗaga buhu zai faɗi nauyinsa. Muƙaddashin yakan tace dubban yanayi nan take, ya ware 'yan kaɗan masu haɗari, a miƙa su ga babbar manhajar don tabbatarwa. Kamfanin RTE mai kula da manyan layukan Faransa ya daɗe yana bincike a wannan fanni, kuma tun 2019 yake shirya gasar koya wa kwamfuta sarrafa babban layi.

Ta fuskar tattalin arziki lissafin a bayyane yake. A 2021 Bankin Duniya ya ƙiyasta asarar da rashin tsayayyar wuta ke jawo wa Nijeriya a kan kimanin dala miliyan dubu 26 a shekara. Kuɗin manhaja da horar da injiniyoyi ba abin a zo a gani ba ne idan aka ɗora shi kan wannan sikeli.

Sai dai muƙaddashi ba ya sanin abin da ba a nuna masa ba. Idan aka koyar da shi da layukan da suke lafiya lau, ranar da aka kayar da turakun wuta a dajin jihar Neja zai ba da amsar da ba ta dace da halin da ake ciki ba, kuma ba lallai ya nuna alamar shakka ba. Yana kuma buƙatar bayanai kai tsaye daga tashoshi. Shekara da shekaru, tun zamanin hukumar NEPA, cibiyar kula da babban layi da ke Osogbo ba ta ganin tashoshi da dama a allonta, sai dai a buga waya a tambaya. Don magance haka ne aka ƙaddamar da sabon tsarin sa ido na SCADA a Abuja a watan Satumba na 2024, ƙarƙashin shirin gyaran manyan layuka da Bankin Duniya ya amince wa dala miliyan 486 a 2018. A 2025 kuma aka raba aikin sarrafa babban layi daga kamfanin TCN, aka danƙa shi ga sabuwar hukuma mai zaman kanta, NISO, bisa tanadin Dokar Lantarki ta 2023. Ita ce za ta yanke shawara kan irin waɗannan manhajoji, kuma hikima ita ce ta fara da kammala haɗa tashoshi da cibiya kafin ta sayi kowace.

Akwai kuma abin da ya fi ƙarfin kwamfuta. Wutar ƙasar nan tana tafiya ne a kan bugu 50 a sakan guda, kuma idan babbar tasha irin Egbin ta faɗi, dole wani inji da ke jiran ko-ta-kwana ya cike gurbin nan da nan. Mafi yawan wutar da aka taɓa turawa ita ce megawat 5,801 a watan Maris na 2025, ga ƙasa mai mutane fiye da miliyan 200, don haka ajiye inji yana juyawa ba tare da sayar da dukkan wutarsa ba abu ne mai ciwo. Kuɗin ajiyar ko dai ya fito daga aljihun masu biyan kuɗin wuta, ko daga baitulmali, a daidai lokacin da kamfanonin samar da wuta suka ce a 2025 suna bin bashin kimanin Naira tiriliyan 4.