Sana'ar tseren keke a farkonta: jari, wahala da abin da ake samu

Ranar 1 ga watan Yulin 1903, mutum 60 suka jeru da kekunansu a garin Montgeron da ke gefen Paris, kowannensu ya biya faran 10 kuɗin shiga. A gabansu akwai tafiyar kilomita 2,428 da aka kasa zango shida. Zangon farko kaɗai, daga nan zuwa Lyon, kilomita 467 ne, wanda ya riga kowa isa ma sai da ya yi awa 17 da minti 45 a kan sirdi, dare da rana. Wannan shi ne karon farko na gasar da duniya ta sani da Tour de France. Mai kallo yana ganin wasa ne, amma ga manyan mahayan da suka fito ranar, sana'a ce da suke ci da iyali da ita, kuma tana da jarinta da ribarta da asararta.

Jarin farko keke ne. Keken wancan zamani ƙarfe ne zalla, mai nauyi ƙwarai idan aka gwada da na 'yan tseren yau. Gare-garensa na katako ne, giyarsa ɗaya tak, kuma a yawancinsu feda ba ta tsayawa muddin ƙafar baya tana juyawa, ko da gangara ake yi. Daga baya aka riƙa sa haƙoran kaca a gefe biyu na ƙafar baya. Idan an zo hawan dutse sai mahayi ya sauka, ya kwance ƙafar, ya juya ta, ya mayar da kaca, sannan ya ci gaba. Sai a 1937 aka yarda kowa ya yi amfani da abin canza giya a wannan gasa. Irin wannan keke kuɗinsa ya kai albashin watanni ga lebura, kuma sayensa somin-taɓi ne. Abin da ke cin kuɗi kullum shi ne taya. Hanyoyin lokacin ba kwalta, tsakuwa ce da ƙura da ƙusoshin takalmin dawaki, don haka mahayi kan rataya tayoyin canji a kafaɗa, ya ɗaura famfo a jikin keke, ya cika jaka da abinci da sifana.

Jari na biyu jikin mutum ne, kuma shi talaka ke kawowa daga gida. Maurice Garin, wanda ya ci gasar 1903, an haife shi a arewacin Italiya a 1871, ya taso yana sharar bututun hayaƙi na gidaje a Faransa. Luigi Ganna, wanda ya ci gasar zagaye Italiya ta farko a 1909, magini ne da ke zuwa wurin aiki a Milan a kan keke daga nesa. Eugène Christophe, da za mu zo kan labarinsa, aikin ƙarfe ya koya. Wanda ya saba tashi da asuba, ya wuni yana aikin ƙarfi, ya kwana da ciwon baya, shi ke iya jure wannan tafiya. Shi ya sa aka fi samun 'ya'yan ma'aikatan haƙar kwal da manoma da leburorin masaƙa a cikinta.

Abin da ya ja su kuwa a fili yake. Tun a 1869, a tseren Paris zuwa Rouen mai kilomita 123, Baturen Ingila James Moore ya tafi gida da faran 1,000. A 1896 wasu masu masaƙu biyu na garin Roubaix, Théodore Vienne da Maurice Perez, suka shirya tsere daga Paris zuwa garinsu, su ma suka sa faran 1,000 ga na ɗaya. Wannan kuɗi albashin wata bakwai ne na mai haƙar kwal a yankin, kuma Bajamushe Josef Fischer ya same shi a wuni guda. Duk saurayin da ke da keke da ƙarfin cinya, in ya ji wannan labari dole zuciyarsa ta motsa.

To su wa ke zuba kuɗin? Masu jarida da masu ƙera keke da taya. A 1891 jaridar Le Petit Journal ta shirya tsere daga Paris zuwa Brest a dawo, kilomita 1,200, Charles Terront ya gama cikin awa 71 da 'yan mintuna a kan sabuwar tayar kamfanin Michelin, wadda ake iya cirewa a yi mata faci a hanya. Nasararsa ta zama tallar da kamfanin ke nema. Gasar 1903 ma jaridar L'Auto ce ta ƙirƙiro ta saboda kasuwarta ta ja baya. Da editanta Henri Desgrange ya fara shelar gasar, mutum 15 kacal suka sa suna, domin mahayan sun yi lissafi sun ga ba ta biya. Sai ya rage kwanakin, ya sauke kuɗin shiga daga faran 20 zuwa 10, ya ɗaga jimillar kyauta zuwa faran 20,000, ya kuma yi alkawarin faran 5 a kowace rana ga waɗanda suka riƙe gudun kilomita 20 a awa. Faran 5 ɗin nan kwatankwacin ladan yini ne a masana'anta. Nan take mahaya suka fito. Jaridar da ke sayar da kwafi kamar 25,000 a rana ta koma sayar da 65,000.

Garin ya tashi da faran 6,075. In aka raba shi da faran 5 na yini, ya kai ladan lebura na kusan shekara huɗu, cikin kwana 19. Amma a duba sauran. Daga cikin 60 da suka tashi, 21 ne suka kai ƙarshe, na ƙarshensu kuma ya biyo bayan Garin da sama da awa 64. Waɗanda suka sare a hanya sun yi asarar kuɗin shiga da tayoyi da kwanakin aiki, ga kuɗin jirgin ƙasa na komawa gida. Haka kasuwar take tun farko: kitsen yana hannun mutum biyar ko shida, saura su raba ƙashi. Wannan tazara ce ta haifar da abin kunyar 1904, lokacin da aka watsa ƙusoshi a hanya, aka doki mahaya, aka zargi wasu da shiga mota ko jirgin ƙasa. Hukumar tseren keke ta Faransa ta soke sakamakon mutum huɗun farko, har da Garin, aka ba Henri Cornet, yaro ɗan shekara 19, nasarar.

Da gasar ta kafu, mahaya suka rabu gida biyu. Akwai yaran kamfani, irin na Peugeot da Alcyon da La Française, masu albashi, waɗanda ake ba keke da taya, a kama musu masauki, a haɗa su da bakanike da mai tausa. Akwai kuma masu cin gashin kansu. Waɗannan su ne suka fi ba ni tausayi, su ne kuma na fi girmamawa. Mutum zai iso gari bayan tafiyar kilomita 300 ko 400, maimakon ya kwanta sai ya shiga neman ɗaki mai araha, ya wanke rigarsa, ya gyara kekensa da hannunsa, ya ƙirga abin da ya rage a aljihu. Ɗaya daga cikinsu, Jules Deloffre, in an gama zango yakan tsaya a dandali yana wasan alkafura, 'yan kallo su jefa masa abin da zai biya kuɗin kwana.

Dokar Desgrange ita ce kowa ya gyara kekensa da kansa, ba taimako. A 1913, Christophe yana gangarowa daga dutsen Tourmalet, yana cikin waɗanda ake sa ran za su ci gasar, sai ƙarfen nan mai reshe biyu da ke riƙe ƙafar gaba ya karye. Ya saɓa keken a kafaɗa, ya taka kilomita goma ko fiye zuwa ƙauyen Sainte-Marie-de-Campan, ya nemi maƙera. Maƙerin ya miƙe zai karɓi aikin, alƙalan gasa suka hana. Christophe ya tsaya gaban wuta da kansa, ya riƙe ƙarfe da awartaki, ya ɗora a uwar maƙera yana bugu. Duk wanda ya san ƙira ya san mutum ɗaya ba ya riƙe ƙarfe, ya riƙe masaba, kuma ya yi zuga. Wani yaro ya kama masa zuga-zugi. Bayan ya yi asarar kusan awa huɗu, alƙalai suka ƙara masa tarar minti goma saboda hannun yaron nan. Ya hau kekensa ya ƙarasa zangon, ya gama gasar a matsayi na bakwai. A ganina wannan hukunci zalunci ne, domin an hukunta mutum a kan abin da babu maƙerin da zai iya yi shi kaɗai. A 1919 ƙarfen ya sake karye masa yana kan gaba, ana dab da gamawa, ya ƙare na uku. A wannan karon masu karanta L'Auto suka yi masa karo-karo na sama da faran 13,000.

Akwai kuma kuɗin da jiki ke biya, wanda ba ya shiga lissafin kowa. Sanyin dare a kan duwatsu, ƙura a ido, gyambo a mazaunai. A 1924 Henri Pélissier da ƙanensa Francis suka fice daga gasar bayan rikici da alƙalai a kan dokar da ta hana mahayi yar da rigar sanyi a hanya. Suka zauna da ɗan jarida Albert Londres, suka buɗe masa jakunkunansu, ya ga hodar ibilis da sauran ƙwayoyin da suke sha don su iya ci gaba. Labarin ya girgiza Faransa, amma ba a rage tsawon hanya nan take ba.

Shekarun cin wannan sana'a kaɗan ne, don haka masu dabara kan mayar da kuɗin kyauta jari tun da sauran ƙarfi. Ganna ya samu lira 5,325 a 1909, daga baya ya buɗe masana'antar keke mai ɗauke da sunansa. A Amurka, inda kuɗin ya fi yawa a tseren cikin fili, baƙar fata Major Taylor ya zama zakaran duniya a 1899, ya tara dukiya, amma kasuwanci da rashin lafiya suka cinye ta, ya rasu a Chicago a 1932 ba shi da komai, aka binne shi a maƙabartar marasa galihu. Garin kuwa gidan mai ya buɗe a garin Lens, yana sayar wa masu mota fetur, kuma a garin ya zauna har rasuwarsa a 1957.