SUNAYEN INTANET NAWA YA KAMATA ƊAN KASUWA YA YI WA RAJISTA?

Suna dukiya ne. Ɗan kasuwa yakan shekara da shekaru yana riƙon amana kafin jama'a su yarda da tambarin kayansa. A yau 'yan kasuwarmu da dama na Sabo a Ikorodu, da Agege, da Mile 12 a Jihar Legas, suna tallan hajarsu ta intanet. An shirya wannan ƙasida domin a bayyana musu, su da sauran jama'ar ƙasa, yadda za su tsare sunansu ba tare da ɓarnar kuɗi ba.

RAJISTA IRI UKU CE

1. Sunan kamfani ko na sana'a: ana yi masa rajista a Hukumar Rajistar Kamfanoni, wato CAC.

2. Tambarin kaya: ana yi masa rajista a Ma'aikatar Masana'antu, Ciniki da Zuba Jari ta Tarayya, bisa dokar tambari ta 1965. Rajistar farko ta shekara 7 ce, daga nan sai a riƙa sabunta ta duk bayan shekara 14.

3. Sunan intanet, wato adireshin shafi: ƙungiyar NiRA, wadda aka kafa a 2005, ita ce ke kula da sunayen da suka ƙare da .ng, kuma ta hannun wakilanta ake saye.

A lura, ɗaya ba ta tsayawa a madadin ɗaya. Sunan intanet wanda ya riga nema shi ake ba. Idan mai tambari ya yi sakaci, wani na iya riga shi, ya buɗe shafi da sunansa ya karɓi kuɗin masu saye, ko kuwa ya tsuga masa kuɗi kafin ya sakar masa sunan.

TO, GUDA NAWA ZA A SAYA?

Ƙarshen sunaye irin su .com da .ng sun haura 1,000 a duniya, kuma kowane suna haya ce da ake biya shekara-shekara. Saboda haka ba mai iya saye duka. Ga mai matsakaicin jari, uku zuwa biyar sun wadatar:

(a) Sunan tambarin da .com.ng, da kuma .ng, domin masu saye na cikin gida.

(b) Sunan da .com, musamman ga mai aika kaya Nijar, Ghana ko Kamaru.

(c) Rubutu ɗaya ko biyu da jama'a suka saba yi wa sunan. Wannan ya shafi Hausawa ƙwarai, domin akasarin adireshi da baƙaƙen Turanci ake rubuta shi, ba ƙ, ba ɗ, ba ɓ. Kalmar "ɗanɗano" sai ta koma "dandano". Haka kuma wani zai rubuta Muhammadu, wani Mohammed.

A buɗe shafi ɗaya tak, sauran sunayen a sa su riƙa kai mai nema can.

IDAN WANI YA RIGA KA FA?

Sashe na 25 na Dokar Laifuffukan Intanet ta 2015 ya haramta wa mutum ɗaukar suna ko tambarin wani a intanet da gangan, ba da izini ba, don ya hana mai shi amfani da shi. Hukuncin shi ne ɗaurin da bai wuce shekara 2 ba, ko tarar da ba ta wuce Naira miliyan 5 ba, ko duka biyu. NiRA tana da tsarin sasanta rikicin sunayen .ng. Na .com kuwa ana bin ƙa'idar da hukumar ICANN ta kafa a 1999. A can dole mai ƙara ya nuna yana da haƙƙi a kan tambarin, wanda ya riƙe sunan ba shi da hujja, kuma da mugun nufi ya riƙe shi. Takardar rajistar tambari ita ce babbar shaida. Don haka ita ya kamata a fara nema, domin ta fi tarin sunaye amfani.

ABIN KIYAYEWA

A tabbata an rubuta rajistar da sunan mai dukiya ko kamfaninsa, kada a bar ta da sunan yaron da ya shirya shafin. A adana rasit. A rubuta ranar sabuntawa, domin sunan da aka bari ya faɗi, wani na iya ɗauka.

Jama'a, rigakafi ya fi magani. Wanda ya karanta ya sanar da na kusa da shi.