Kula da Inna: Shirin Musamman Daga Falgore

(Kiɗan buɗe shiri)

Yau shirin namu ya yada zango a Falgore ta ƙaramar hukumar Rogo, a ƙasar Ƙaraye, can yammacin jihar Kano inda iyakar Katsina da ta Kaduna ba su da nisa. Kada a haɗa ta da dajin Falgore na wajen Doguwa da Tudun Wada. Abin da ya kawo mu kuwa yana nan a kusan kowane gida: tsohuwar da ta goya mu, yau ƙarfi ya fara barinta, ga ta a ɗaki, sai yadda muka yi da ita.

Akwai kalmar da muke yawan faɗa, wadda ta kwantar da iyaye mata da yawa tun lokacinsu bai yi ba. Inna ta ce kanta na sarawa, a ce tsufa ne. Ta daina gane mai shigowa sai ya yi magana, tsufa ne. Tana tashi fitsari ba iyaka cikin dare, tsufa ne. Alhali wani lokaci ciwon kan na hawan jini ne, duhun idon yanar ido ce da likita zai cire, yawan fitsarin kuma ciwon suga ne. Duk ukun suna da magani. Wanda zai fara ganinsu kuwa shi ne na cikin gida, mai kai mata ruwan alwala da asuba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2021 cewa manya kusan biliyan 1.28, 'yan shekara 30 zuwa 79, suna da hawan jini, kuma kusan rabinsu ba su san suna da shi ba, domin ciwo ne da kan daɗe bai nuna alama ba. Shi ya sa na'urar awon jini mai batir, wadda ake ɗaurawa a dantse, ta cancanci 'ya'ya su haɗa kuɗi su saya. Sai dai awon yana da ƙa'ida. A bar Inna ta zauna ta huta minti biyar, bayanta a jingine, ƙafafunta a ƙasa, hannunta a ɗore daidai ƙirji. Kada ta ci goro ko ta sha shayi rabin awa kafin nan. A auna sau biyu. Idan lambar tana yawan kai 140 bisa 90 ko ta wuce, a je asibiti cikin makon. Idan ta kai 180 bisa 120, musamman da ciwon kai mai tsanani, ko ciwon ƙirji, ko gani dishi-dishi, kada a jira gari ya waye.

Kowane awo kuma a rubuta shi. Littafin rubutu irin na 'yan firamare ya wadatar, da boko ko da ajami, duk wanda mai jinya ta iya. Kwanan wata, lambar jini, abin da ta ci, ko ta sha magani, ko ta yi bayan gida, yadda ta kwana. Ma'aikacin lafiya yana ganinta na 'yan mintoci ne kawai, kuma tsofaffinmu da zarar sun ga farar riga sai su ce da sauƙi, alhamdulillahi. Littafin nan ne zai faɗi abin da kawaici ya hana ta faɗa.

Kawaicin nan ma mu ɗan tsaya a kansa. Uwa Bahaushiya ba za ta dubi ɗanta namiji ta ce fitsari na kufce mata ba, balle ɗan fari da ko sunansa ba ta kama. Surukarta ma tana jin nauyinta. Amma jika, wadda wasa ya halatta tsakaninsu, ita ce za ta ce, "Iya, yau me kike ɓoye mana a ƙarƙashin zane?" ta kuma sami amsa. Gidan da yake da 'yar budurwa mai hankali, a jawo ta cikin aikin nan, a koya mata awo da rubutu.

(Gajeren kiɗa)

Sai batun magani. Kuskuren da ya fi yawa shi ne a daina shan maganin hawan jini don an ji sauƙi. Sauƙin nan maganin ne ya kawo shi, ana dainawa jinin zai koma sama. Idan wani magani ya dame ta, misali amlodipine da kan sa wasu kumburin ƙafa, a koma wurin wanda ya rubuta ya canza mata. Na biyu shi ne haɗin kemis. Ciwon gwiwa da na baya sun sa tsofaffi da yawa suna shan diclofenac ko ibuprofen kullum, magungunan da kan ta da hawan jini, su ci ciki, su raunana ƙoda. Idan kuma tana shan jiƙo ko sassaƙe, a gaya wa likita ba tare da jin kunya ba, ya san abin da yake haɗuwa a jikinta.

Mai ciwon suga tana buƙatar awon yatsa da safe kafin karin kumallo. Idan awon asibiti ya nuna 126 ko sama a rana biyu daban, ciwon ya tabbata. Amma ga wadda ta riga ta fara magani, saukar suga ƙasa da 70 ta fi saurin yin illa: gumi, karkarwa, magana ba kan gado. In tana iya haɗiya, a ba ta ruwan sukari nan take. A riƙa duba tafin ƙafarta da tsakanin yatsu kowane dare, domin ƙaya kan soke ta ba ta ji ba. Idan azumi ya gabato, a tambayi likita a kuma tambayi malami tun cikin Sha'aban, addini ya yi wa tsoho mai rauni sauƙin ciyarwa.

A tukunya kuwa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin babba a yini kada ya kai giram 5, wato kamar ƙaramin cokalin shayi. Ɗunƙulen da muke zubawa a miya mafi yawansa gishiri ne. A ɗebar wa Inna miyarta kafin a ƙarasa zuba shi, a bar daddawa da albasa da citta su ba ta ɗanɗano. In haƙora sun zube, tuwo mai laushi da miyar kuka, faten wake, zogale, kunun gyaɗa. Ruwa kuma kada a jira sai ta nema. Ƙishirwar tsoho ba ta tashi da wuri, ga zafin bazara daga Maris zuwa Mayu da kan kai digiri 40 a ƙasar Kano.

Faɗuwa ma abar tsoro ce, domin ƙashin ƙugu in ya karye wa tsohuwa, da wuya ta koma yadda take. Hanyar makewayi ita ce wurin haɗari: santsi, duhu, dokin ƙofa. A ajiye fitila kusa da shimfiɗarta, a kafa abin dafawa, a sama mata kujerar zama maimakon tsuguno. In yanar ido ce ke hana ta ganin hanya, aikinta gajere ne, ana yinsa a Kano a asibitin ido na ECWA da na Makka.

(Gajeren kiɗa)

Jama'a, ga inda nake so kowa ya kasa kunne. Idan baki ya karkace, ko hannu ɗaya ya saki, ko harshe ya yi nauyi farat ɗaya, alamun shanyewar ɓarin jiki ne. A ƙauyukanmu akan ce iska ce ta buge ta, a rufe ɗaki a yi hayaƙi har kwana biyu. Ku yi addu'a, amma ku yi ta a cikin mota. Kada a ɗura mata ruwa ko rubutu in ba ta iya haɗiya, zai iya wucewa huhu. Daga Falgore zuwa asibitin Ƙaraye tafiya ce, zuwa Asibitin Murtala ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano a birni, ko na Shika a Zariya, ta fi haka, balle da damina. Saboda haka lambar direba da kuɗin mai su kasance a ajiye tun ana lafiya.

Ruɗewar da ta zo dare ɗaya ma ciwo ce, sau da yawa zazzaɓin cizon sauro ne, ko ciwon mafitsara, ko ƙarancin ruwa. Wadda ke zuwa a hankali, ta manta sunan jikoki, ta yi ta neman mijinta da ya daɗe da rasuwa, ciwon ƙwaƙwalwa ne. Kada a yi musu da ita, kuma haramun ne a bar yaran unguwa su jefe ta da sunan maita. Wadda ta kwanta gaba ɗaya kuwa, a riƙa juya ta duk bayan awa biyu, a tabbatar shimfiɗa a bushe take, don gudun gyambon kwanciya.

To, wa yake yin duk wannan? A yawancin gidaje mace ɗaya ce, matar ɗa ko 'yar da ta dawo gida, ga girki, ga goyo, ga aikin amfanin gona. 'Ya'ya maza suna Kano ko Abuja ko Legas, suna turo kuɗi ta waya. Kuɗin yana da amfani, Allah ya saka musu. Amma kuɗi ba ya juya mara lafiya da tsakar dare. A zauna a raba kwana, a raba kuɗin magani, a ba mai jinya ranar hutu, a kuma gode mata a gaban jama'a. In ka bugo waya, bayan "Inna, ina kwana, ya ƙarfin jiki?" ka ce a karanto maka littafin.

Hukuma ma tana da nata kason. An sa hannu kan dokar kafa Cibiyar Kula da Dattawa ta Ƙasa a 2018, jihar Kano kuma tana da hukumar taimakekeniyar lafiya, KSCHMA, wadda ke rajistar masu rauni, har da tsofaffi, ƙarƙashin asusun kiwon lafiya a matakin farko. Ku je asibitin mazaɓarku ku tambayi yadda ake shiga. Ranar zuwa ganin likita kuma, ku tafi da littafin, da duk kwalayen maganin da take sha a leda ɗaya, da mai jinyar ita kanta, domin ita ce ta san amsar tambayoyin.

A nan za mu dakata. Allah ya ba iyayenmu lafiya, waɗanda suka riga mu gidan gaskiya ya jiƙansu. Sai wani makon, a huta lafiya.

(Kiɗan rufe shiri)