Jibin Ubangiji: wa ke ci, wa ke zama wurinsa?

Ɗan kasuwar kan iyaka ba ya rasa gayyata. Yau abokin ciniki a Birnin Ƙonni yana aurar da ɗiyarsa a coci, gobe wani a Maraɗi ya yi rashi ana sujadar jana'iza. Mutum ya je don zumunci, can tsakiyar sujada sai ya ga jama'a sun yi layi ana ba su ɗan guntun gurasa, wani wurin har da abin sha a ƙaramin ƙoƙo. Nan baƙo ke rikicewa: ya tashi ya bi layi ko ya zauna?

Wannan shi ne abin da Kiristoci ke kira Jibin Ubangiji, ko Tarayya Mai Tsarki. Asalinsa abincin dare na ƙarshe da Yesu Almasihu ya ci da almajiransa. Ƙofar coci a buɗe take ga kowa, amma teburin yana da sharuɗɗa, kuma kusan duk ikkilisiyoyi suna kafa hujja da wasiƙar Bulus ta farko ga Korantiyawa, sura 11, inda ya ja kunnen mai ci da ya binciki kansa tukuna.

Ƴan Katolika suna cikin waɗanda suka fi tsanantawa, domin a wurinsu gurasar da ruwan inabin sun zama jiki da jinin Almasihu da gaske. Saboda haka sai wanda aka yi wa baftisma, yana cikin Katolika, kuma an koyar da shi. Tun 1910 Paparoma Pius na 10 ya saukar da shekarun fara karɓa zuwa wajen shekara 7. Dokar cocin ta 1983 ta ce mai karɓa ya bar ci da sha awa guda kafin nan, ban da ruwa da magani, wanda kuma ya san yana ɗauke da babban zunubi sai ya fara zuwa ya furta wa Fada. Ɗan Furotesta kuwa ba a ba shi sai in yana bakin mutuwa ko cikin wata babbar larura, shi ma da sharuɗɗa. Dokar nan ɗaya ce a dayosis ɗin Maraɗi da aka kafa a 2001, da Sakkwato, da Roma.

Ikkilisiyoyin bishara, irin su EERN a Nijar da ECWA a Nijeriya, waɗanda dukansu suka fito daga aikin mishan na SIM, suna ɗaukar Jibin a matsayin tunawa da mutuwar Almasihu, kuma da yawa suna amfani da abin sha marar sa maye. Duk da haka ba kowa ke ci ba. Sai mai bi da ya yi baftisma, wanda ba ya ƙarƙashin horon ikkilisiya. Wanda aka sa wa horo yana zuwa sujada, amma ba ya kusantar teburin har sai dattawa sun maido shi. Maganar mai mata fiye da ɗaya ma ta daɗe tana hana wasu magidanta ci, a Katolika da ikkilisiyoyin bishara da dama.

To ke nan ko Kirista ɗan kasuwa da Lahadi ta riske shi a wani gari, ya kamata ya tambayi Fasto ko Fada kafin a fara sujada, ya faɗi ikkilisiyarsa. Wasu za su ce masa bismilla, wasu su ba shi haƙuri.

Shi kuwa baƙon da ba Kirista ba, abin da sauƙi: ya zauna wurinsa har a gama. Ba wanda zai ga laifinsa, kuma rashin ba shi ba wulaƙanci ba ne, domin a kan bencin da yake zaune akwai ƴan cocin da su ma ba su tashi ba. Abin da ke ɓata rai shi ne mutum ya karɓa don kunya, sannan ya sa a aljihu ko ya yar, musamman a cocin Katolika inda ake ganin wannan babban saɓo ne.

Mai gayyata shi ma yana da hakki. Kafin a shiga, ya yi wa baƙonsa bayani da kalma biyu, kada zumuncin da aka gina shekara da shekaru a kasuwa ya sami tabo a kan abin da ba a sani ba. Allah ya ƙara mana fahimtar juna da zaman lafiya.