Mazubin Roba da Simintin Kalambaina

Wanda ya taɓa tsayawa a wurin masu zuba intalok a Sakkwato ya san yadda aikin yake. Yaro zai shafe cikin mazubin roba da baƙin mai, a cika shi da kwaɓin siminti da yashi da tsakuwa, a ɗora bisa tebur mai girgiza har kumfar iska ta fita. Washegari a kife, sai ga dutse sumul ɗauke da duk zanen da ke jikin robar.

Siminti kam a ƙofar gida yake. Tun 1967 masana'antar Kalambaina, wadda yanzu ke hannun BUA, take ƙona farar ƙasar yankin. Abin da ba na gida ba shi ne siffar: mazubin sayowa ake yi, zanen da ya zo da shi kuwa shi za a yi ta maimaitawa daga Mabera har Arkilla. Mai son ginshiƙi ko baka mai fasalin kansa sai ya nemi kafinta, ga tsadar katako, ga shi yana shan ruwa ya kumbura bayan 'yan zubi.

A nan na'urar buga abubuwa ta shigo. Ana zana siffar a kwamfuta, na'urar ta narkar da roba tana shimfiɗa ta sahu bisa sahu, tamkar mai ginin tukunya, har mazubi ya tashi. A Amurka, kamfanin Gate Precast da cibiyar bincike ta Oak Ridge sun buga irinsa don tagogin wani bene mai hawa 42 a Brooklyn. Mazubi ɗaya ya jure zubi wajen 200, alhali na katako bai cika wuce 20 ba.

Sai dai ranar Sakkwato ba ta wasa. Robar PLA, wadda ƙananan na'urori suka fi amfani da ita, tana laushi a zafin da ya kai maki 60, kuma abin da aka bari a fili a watan Afrilu zai iya kaiwa can. ABS ta fi juriya, amma tana son wutar da ba ta yankewa tsawon sa'o'i.

Duk da haka ɗalibi a Jami'ar Usmanu Danfodiyo zai iya zana dagi ko zayyanar bangon gidajen da, ya buga mazubin uwa guda ɗaya, masu intalok su kwafe shi a robar da suka saba da ita.