Shekarar farko ta jariri: Abin da ke buƙatar haƙuri da abin da ke buƙatar gaggawa

Da zarar an yi haihuwa a gida, ido kan koma kan jariri. Kowa na lissafin ranar da zai yi murmushi, ranar da zai zauna da ranar da zai taka ƙasa. Kaka na kwatanta shi da ubansa lokacin da yake goye, maƙwabta kuma na kwatanta shi da nasu 'ya'yan.

Sai dai abubuwan da suka fi tayar wa iyaye hankali a wannan shekara, irin su jinkirin rarrafe ko rashin fitowar haƙori da wuri, galibi ba su ne masu haɗari ba. Masu haɗarin su ne waɗanda ake yi wa kallon ba komai: zazzaɓin da aka ɗora wa haƙori, ruwan da aka ɗura wa jinjiri saboda zafin rana, da allurar rigakafin da aka ɗage zuwa wani mako har aka manta da ita. Sanin bambancin waɗannan biyun shi ne babban makamin uwa da uba a watanni 12 na farko.

Makon farko: nono, cibiya da shawara

Hukumar Lafiya ta Duniya da Asusun Kula da Ƙananan Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya sun ba da shawarar a ɗora jariri a kan nono cikin sa'a ɗaya da haihuwarsa. Ruwan nonon farko mai kauri da launin rawaya, wanda ake kira dakashi, shi ne rigakafinsa na farko, domin yana cike da sinadaran kariya daga cututtuka. A wasu wurare har yanzu ana tatse shi a zubar bisa zaton cewa gurɓatacce ne, alhali babu abincin da ya kai shi amfani ga jinjiri a kwanakin nan.

Ba abin tsoro ba ne jariri ya ɗan rame a kwanakin farko. Yana iya rasa abin da bai wuce kashi 10 cikin 100 na nauyinsa ba, sannan ya mayar da shi cikin kimanin mako biyu. Yakan sha nono sau 8 zuwa 12 a dare da rana, ya kuma yi barcin sa'a 14 zuwa 17, amma a gutsuttsure. Ana kwantar da shi rigingine, a cikin gidan sauro, ba tare da matashi ko tarin tsummokara a kusa da fuskarsa ba.

Cibiya kan bushe ta faɗi da kanta cikin mako ɗaya zuwa biyu. Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta amince da man chlorhexidine a matsayin abin da za a riƙa shafa mata. Gasa ta da tsumma mai zafi, ko shafa mata toka, ko man goge baki, na buɗe wa ƙwayoyin cuta ƙofa, ciki har da tetanus mai sandarar da jiki da sarƙe baki.

Shawara ma ta zama ruwan dare a makon farko, kuma sau da yawa takan wuce. Amma idan rawayar ta bayyana a ranar haihuwa, ko ta sauko har tafin hannu da na ƙafa, ko jariri ya daina kama nono, to maganinta na asibiti, inda ake sa shi ƙarƙashin wata fitila ta musamman. Shanya shi a rana ko ba shi jiƙe-jiƙe ɓata lokaci ne, kuma jinkiri na iya taɓa ƙwaƙwalwa. Haka nan a guji sa kafur a cikin kayan jariri, domin yana tayar da shawara mai tsanani ga wasu yaran.

Daga suna zuwa arba'in

A ƙasar Hausa ranar bakwai ake raɗa suna, a yanka rago, a yi aski. Rana ce ta farin ciki, amma kuma rana ce da jariri ke yawo daga hannu zuwa hannu. Wanke hannu kafin ɗaukar sa, da nisanta shi daga mai tari ko mura, ba rashin kara ba ne. Likitoci kuma sun daɗe suna gargaɗi kan cire belu, saboda haɗarin zubar jini da shigar cuta, ga shi kuma belun ba ciwo ba ne.

A wannan lokaci ne ya dace uba ya yi wa ɗansa rajistar haihuwa a Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, wadda ke da wakilai a cibiyoyin lafiya da sakatariyoyin ƙananan hukumomi.

Kwanaki 40 na jego hutu ne da mai jego ke matuƙar buƙata, kuma hikima ce al'ada ta tanadar mata masu taya ta aiki. Abin lura shi ne yawan shan kunun kanwa da wanka da ruwa mai tsananin zafi, musamman ga mai hawan jini. Kumburin ƙafa, haki, ciwon kai mai tsanani, zubar jini da yawa ko baƙin cikin da ya ƙi yayewa, duk dalilai ne na ganin likita. Lafiyar jariri a hannun lafiyar uwarsa take.

Murmushin farko da katin rigakafi

Tsakanin mako 6 zuwa 8 jariri kan fara murmushi idan ya ga fuska ko ya ji muryar da ya sani. Zuwa wata 3 ko 4 wuyansa ya yi ƙwari, yana bin abu da ido, yana dariya da ƙarfi, yana kai hannu baki. Tsakanin wata 4 zuwa 6 yakan fara juyawa da kansa, daga nan kuwa barin sa shi kaɗai a kan gado ya zama ganganci. Kifa shi a kan cikinsa na ɗan lokaci sa'ad da yake farke, ana kallon sa, na ƙarfafa wuyansa da kafaɗunsa.

A waɗannan watanni ne allurai suka fi yawa. A jadawalin Hukumar Kula da Lafiya a Matakin Farko ta Ƙasa, ana ba jariri rigakafin tarin fuka, shan-inna da ciwon hanta tun daga haihuwa. A mako na 6, na 10 da na 14 ana yi masa allurar nan mai kariya daga cututtuka biyar, ciki har da mashaƙo, tarin shiƙa da tetanus, tare da rigakafin namoniya, na shan-inna da na wata ƙwayar cuta mai haddasa gudawa, wanda aka shigar cikin jadawalin a 2022. A wata na 9 sai na ƙyanda, na zazzaɓin shawara da na sanƙarau. Duk kyauta ne a cibiyoyin lafiya na gwamnati.

Ɗan zazzaɓi ko kumburin wurin allura na kwana ɗaya ko biyu ba dalilin fasa komawa ba ne. Annobar mashaƙo da ta ɓarke a Arewa daga ƙarshen 2022, wadda ta fi ƙamari a Kano, ta fi kama yaran da ba a yi wa allurar ba ko ba su kammala ta ba. Wanda ranarsa ta wuce ba sai an soma masa daga farko ba, za a ɗora ne daga inda aka tsaya.

Batun ruwa kafin wata shida

Babu shawarar da ta fi shan suka a tsakar gida kamar ta nono zalla har wata 6. Hujjar da aka fi kawowa ita ce zafi: ta yaya yaro zai kwana ya wuni a watan Afrilu ba tare da kurɓar ruwa ba? Amsar ita ce sama da kashi 80 cikin 100 na nonon uwa ruwa ne. Cikin jariri ƙarami ne, ruwan da aka ba shi na cike gurbin nono, ya rage tsotso, nonon uwa kuma ya ragu, domin yawan tsotso ne ke kawo yawan nono. Ga kuma haɗarin gudawa idan ruwan ko mazubinsa ba su da tsabta. Wadda ya kamata ta yawaita shan ruwa ita ce uwar. Jaririn da ke jiƙa ƙyalle sau shida ko fiye a rana, nauyinsa kuma na ƙaruwa, yana samun abin da ya ishe shi.

Zama, rarrafe da tafiya

A nan ne kwatance ya fi hana iyaye barci. A 2006 Hukumar Lafiya ta Duniya ta wallafa sakamakon wani bincike da ya bibiyi lafiyayyun yara a Ghana, Indiya, Norway, Oman da Amurka. An gano cewa zama ba tare da jingina ba na iya zuwa tsakanin kusan wata 4 zuwa wata 9, rarrafe tsakanin wata 5 zuwa 13 da rabi, tafiya kuwa tsakanin wata 8 zuwa kusan wata 18. Kimanin yara 4 cikin 100 ma ba su yi rarrafe da hannu da gwiwa ba sam, suka wuce zuwa tsayuwa.

Ke nan yaron da ya yi tafiya a wata 10 da wanda ya kai wata 15 duk lafiyarsu ƙalau, sannu ba ta hana zuwa. Wanda aka haifa bakwaini kuwa ana rage masa makonnin da ya rasa a ciki kafin a yi lissafi. Abin da ke buƙatar a kai yaro a duba shi ne idan wuyansa bai tsaya ba bayan wata 4, ko bai zauna ba bayan wata 9, ko ba ya juyowa ga sauti, ko jikinsa ya saki ko ya ƙage, ko ya daina yin abin da a da ya iya.

Laifin da ake ɗora wa haƙori

Haƙoran farko, galibi biyu na ƙasa, kan fito wajen wata 6, wasu yaran kuma sai sun kusa shekara. Fitowarsu na kawo dalalar yawu, ƙaiƙayin dasashi da rigima. Ba ta kawo zazzaɓi mai zafi, ba ta kawo gudawa ko amai. Abin da ke faruwa shi ne lokacin ya zo daidai da raguwar kariyar da yaro ya samo daga uwa tun yana ciki, ga shi yana kai duk abin da ya tsinta baki. Zazzaɓin da aka ce na haƙori ne yana iya zama na cizon sauro, ko namoniya, ko sanƙarau.

Magungunan haƙori da ake saya barkatai ma ba su da tabbas. A tsakanin 2008 zuwa 2009 yara aƙalla 84 ne suka rasu a Najeriya bayan shan wani maganin haƙori mai suna My Pikin, wanda aka gano yana ɗauke da guba mai lalata ƙoda. Goga dasashi da yatsa mai tsabta ya wadatar.

Abinci bayan wata shida

Daga wata 6 nono kaɗai ba ya isa, musamman ta fuskar sinadarin da ke gina jini. Ana fara ba yaro abinci sau 2 zuwa 3 a rana, daga wata 9 kuma sau 3 zuwa 4, ana ci gaba da shayarwa har shekara biyu, adadin da Alƙur'ani mai girma ma ya ambata.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne koko tsararo, mai cika ciki ba tare da gina jiki ba. Kunun yaro ya zama mai kauri, wanda ba ya zuba daga cokali da sauƙi, a haɗa shi da gyaɗa, waken suya ko garin busasshen kifi. Ƙwai, hanta, wake, kabewa, dankalin Hausa, zogale, ayaba da gwanda duk abincinsa ne idan an dafa ko an dama su da laushi. Ba a ba shi zuma kafin ya cika shekara, domin tana iya ɗauke da ƙwayar cutar da hanjinsa bai kai ga yaƙa ba. Nonon shanu ma ba ya maye gurbin na uwa a wannan shekara. Yawancin yara kan ninka nauyin haihuwarsu biyu wajen wata 5, su ninka shi uku a shekara, shi ya sa awon nauyi a cibiyar lafiya ke da muhimmanci.

Ƙiwa da gwaranci

Daga wajen wata 7 ko 8 yaron da a da kowa ke ɗauka kan fara ƙiwa. Wannan ci gaba ne, alama ce ta ya bambance nasa da baƙo. Yana gwaranci, yana waiwayowa idan an kira sunansa, yana tsintar ƙaramin abu da yatsa biyu, kafin shekara kuma wasu kan furta kalma ɗaya ko biyu. Harshe daga bakin mutane yake koyon sa, a goye, a wurin wanka, a cinyar uba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada a bar wanda bai kai shekara ba yana kallon waya ko talabijin. Tunda ya fara motsi kuma, dole a kawar da kurfoti, ruwan zafi, kalanzir, magunguna da bokitin ruwa daga inda hannunsa zai kai.

Alamomin da ba a kwana da su

Akwai abubuwan da ba a jira gari ya waye a kansu: zazzaɓi ga jaririn da bai kai wata 3 ba, ƙin kama nono, amai da duk abin da ya sha, jijjiga, yawan barci har a kasa tashin sa, numfashi da sauri ko lotsawar ƙirji, da faɗawar maɗiga ko kumburinta. Faɗawar maɗiga alama ce ta ƙarewar ruwa a jiki, shafa mata magani ba ya ɗago ta. Idan gudawa ta kama yaro, a ci gaba da ba shi nono, a haɗa masa ruwan gishiri da sukari na fakiti, a nemi ƙwayar zinc a cibiyar lafiya. Kumburin hannu da ƙafa mai zafi daga wajen wata 6 na iya zama alamar farko ta sikila, wadda gwajin jini ke tabbatarwa.

Wannan nauyi bai rataya a wuyan uwa ita kaɗai ba. A gidaje da dama uba ne ke ba da izinin fita da kuɗin mota, kaka kuma ita ke yanke hukunci kan abin da za a ba jariri. Idan su biyun suka san waɗannan alamomi, aka kuma yi wa uwa izini tun da wuri cewa ta wuce asibiti ko maigida ba ya nan, an rage jinkirin da ke cin rayukan yara da yawa kafin su ga zagayowar ranar haihuwarsu.